Daga Hadarin Wudil Zuwa Guguwar Tekun Atlantika

Hadarin damina a Wudil daga gabas yake tasowa: sama ta yi baƙi ƙirin ta wajen Gaya, iska ta taso da ƙura, sannan ruwa ya kece. Irin wannan hadari yana da doguwar tafiya a gabansa. Daga Yuni zuwa Oktoba, duk bayan kwana 3 zuwa 5, gungun iska da gajimare yakan taso daga wajen Sudan da tsaunukan Habasha, ya ratsa Chadi da ƙasar Hausa, ya faɗa tekun Atlantika ta gaɓar Senegal. Yawancinsu a nan suke watsewa. Kaɗan kuwa, idan suka tarar da ruwan teku mai ɗumin digiri 26 ko fiye, sai su fara juyawa. Haka guguwar Irma ta samo asali kusa da tsibiran Kef Bad a watan Agustan 2017, kafin ta yi ɓarna a Karibiyan da Fulorida.

Gano inda guguwa take aikin tauraron ɗan'adam ne. Meteosat, wanda ke nisan kilomita kusan 36,000 a sama, yana aiko da hoton Afirka da gabashin Atlantika dare da rana, masana su bi tsakiyar gajimaren suna sa alama a taswira.

Ƙarfinta ya fi wuyar aunawa. A tsakiyar teku, inda babu ma'auni, ana ƙiyasta shi daga siffar gajimaren da sanyin samansa, bisa hanyar da Vernon Dvorak ya tsara a shekarun 1970. Idan ta doshi Amurka, jiragen sama kan kutsa cikinta su saki na'urorin da ke auna iska har ƙasa. Da gudun iskar ya kai kilomita 63 a awa, cibiyar lura da guguwa da ke Miami kan raɗa mata suna. A kilomita 119 ta zama mahaukaciyar guguwa. Hasashen hanyarta ya inganta ƙwarai, amma har yanzu wata kan ƙara ƙarfi cikin dare ɗaya fiye da yadda aka zata.

Wudil ta yi nesa da teku, mahaukaciyar guguwa ba ta isa nan. Sai dai da hotunan Meteosat ɗin ne hukumar hasashen yanayi ta NiMet da cibiyar nazarin yanayi ta ACMAD da ke Yamai ke hango hadarin da ke yaye kwanon rufi, ya tayar da igiyar ruwa a kogin Wudil. Gargaɗinsu ya cancanci isa kunnen masunta da masu kwale-kwale da Hausa, ta rediyo, kafin iskar ta iso.