Abin da ke bayan maɓallin amincewa da 'yan kasuwa ke dannawa a shafukan intanet

NANGERE, Jihar Yobe: A 'yan shekarun nan wayar salula ta zama rumfa ta biyu ga 'yan kasuwar ƙaramar hukumar Nangere da maƙwabciyarta Potiskum, inda kasuwar shanun da ke cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma take. Da waya ake tura hoton sa ga mai saye a Legas, da ita ake karɓar kuɗi, da ita kuma ake duba farashin hatsi. Sai dai kusan duk shafin da mutum ya buɗe, wani akwati yakan tare masa gaba, galibi da Turanci, yana neman amincewarsa. Da yawa sukan danna don kawai a ba su hanya, alhali kuwa yarjejeniya ce suka sa wa hannu.

Abin da akwatin ke neman izni a kansa shi ne kukis, wato ɗan guntun rubutu da shafi ke ajiyewa a cikin waya ko kwamfuta don ya gane mai ita idan ya dawo, kamar yadda fatake ke shafa wa dabbar da suka saya alamar fenti don kada ta ɓace a kara. Wani injiniya mai suna Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape na Amurka a shekarar 1994.

Kukis iri biyu ne. Akwai na dole, waɗanda idan babu su shafin banki zai manta wanda ya shiga, kwandon sayayya kuma ya zubar da kayan da aka zaɓa. Akwai kuma na kamfanonin talla, waɗanda mai shafi ke bai wa wurin zama a shafinsa. Da yake kamfanin talla guda yakan kasance a dubban shafuka, yana iya haɗa tarihin mutum wuri ɗaya: abin da ya nema, garin da yake, irin wayarsa, da lokacin da yake sayayya. Wannan bayani ne ake sayar wa masu talla. Shi ya sa wanda ya binciki farashin injin ban ruwa da safe yakan ga tallar injin tana binsa har dare.

Asalin akwatin kuwa daga Turai yake. A 2009 Tarayyar Turai ta gyara dokarta, ta wajabta neman izni kafin a ajiye kukis da ba na dole ba, sannan babbar dokarta ta kare bayanai ta fara aiki a watan Mayun 2018. Kamfanoni da dama suka ɓullo da dabara: maɓallin amincewa babba mai launi, na ƙin amincewa kuwa a ɓoye can ciki. A kan wannan ne hukumar kare bayanai ta Faransa ta sanar a Janairun 2022 cewa ta ci tarar Google Yuro miliyan 150, Facebook kuma miliyan 60.

A Nijeriya, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai a watan Yunin 2023, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC. Dokar ta tanadi cewa amincewa sai da son rai da cikakken sani, shiru ba amincewa ba ne, kuma mutum na da ikon janye izninsa duk lokacin da ya so. Manyan masu riƙe bayanai da suka saɓa za a iya cin su tarar da ta kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Sauran kuma Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100.

Ba a kan takarda kawai dokar ta tsaya ba. A watan Agustan 2024 hukumar ta sanar da tarar Naira miliyan 555.8 a kan bankin Fidelity, bisa zargin sarrafa bayanan jama'a ba da sahihin izni ba, har da ta hanyar kukis da manhajar bankin, ko da yake bankin ya musanta aikata laifi. Wata guda kafin nan, Hukumar Kula da Gasa da Kare Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar Dala miliyan 220, kotun musamman kuma ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025.

Har ila yau, bibiya ba ta tsaya ga kukis ba. Wadda ta fi cutar da ƙananan 'yan kasuwa ita ce ta manhajojin bayar da rance, waɗanda ke neman iznin shiga jerin lambobin waya, sannan idan biya ya yi jinkiri su aika wa dangi da abokan ciniki saƙonnin tozarci. A 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar Naira miliyan 10 kan irin wannan, daga Mayun 2023 kuma Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa shiga lambobi da hotunan masu waya. A kasuwar da ake ba da shanu bashi bisa amana, irin wannan saƙo kan iya rushe sunan da aka shekara ashirin ana ginawa.

Saboda haka ya kamata ɗan kasuwa ya nemi maɓallin ƙin amincewa, ko ya zaɓi kukis na dole kaɗai, domin yawancin shafuka za su ci gaba da aiki. Manhajojin shiga intanet irin su Firefox da Safari suna toshe kukis na 'yan bibiya tun daga tushe, a Chrome kuwa mutum na iya toshe su da kansa a wajen saiti, musamman da yake a 2024 Google ya janye shirinsa na kawar da su. Yana da kyau kuma a riƙa share kukis lokaci zuwa lokaci, a duba iznin da kowace manhaja ta karɓa, a kuma guji shiga asusun banki da wayar aro.

Daga ƙarshe, duk mai shafin sayar da kaya, ko mai POS da ke tara lambobin abokan hulɗa, shi ma mai riƙe bayanan jama'a ne a idon doka. Wajibi ne ya faɗi abin da yake karɓa da dalilinsa, kada kuma ya miƙa wa wani ba da iznin masu shi ba. Wanda aka keta wa haƙƙi yana iya kai kuka ga hukumar NDPC da ke Abuja.