'Yan Dakon Duwatsun Annapurna

Masu yawon buɗe ido da ke zagaya duwatsun Annapurna na ƙasar Nepal a ƙafa sukan yi mako biyu ko fiye a hanya. Wasu su ratse zuwa tafkin Tilicho, mai tsayin mita 4,919 daga doron teku, su haura mashigar Thorong La, kafin su sauke gajiya a Pokhara, bakin tafkin Phewa. Ruwan sha da kyamara suke riƙewa. Sauran kayan suna bayan ɗan dako.

Shi ba ruwansa da gammo. Kwandon gora ne, doko, yake goyawa, maɗaurinsa mai faɗi, namlo, ya zagayo ta saman goshi, nauyin ya bi wuya ya sauka ƙashin baya. Masu kai kaya kasuwannin kan dutse suna riƙe da guntuwar sanda mai kai a gicciye, tokma. In numfashi ya ƙure sai su tokare gindin kwandon da ita, su huta a tsaye ba tare da sun sauke ba. A bakin hanya kuma akwai dakalan dutse da aka gina daidai ƙugun mai kaya. Gwanintar tana wajen taku: gajere, a hankali, hutu akai-akai. Sabon shiga ne ke gaggawa, shi ne kuma ake tararwa zaune a gaba. Wani bincike na 2005 a hanyar kasuwar Namche, a wani yankin Nepal, ya nuna maza na ɗaukar kimanin kashi 93 cikin ɗari na nauyin jikinsu.

Baƙi na ɗauka duk ɗan dako ɗan ƙabilar Sherpa ne da tsauni ba ya kayarwa. Ina! Da yawansu 'yan ƙabilun Tamang da Rai ne, manoma daga ƙauyukan ƙasa-ƙasa, masu fitowa neman kuɗi a Oktoba da Nuwamba ko Maris da Afrilu. Ƙarancin iska na sa su ciwon kai da amai kamar kowa, sai dai sukan ɓoye, gudun kada a sallame su. Guguwar dusar ƙanƙara ta Oktoban 2014 ta kashe sama da mutum 40 a yankin Annapurna da kewayensa, ciki har da 'yan dako da jagorori. Duk kamfanin da zai tura mutum Thorong La ba rigar sanyi ba takalmin kirki, tukwicin ƙarshen tafiya ba zai wanke shi ba.