Daga Zomo zuwa Tiana: Yadda sauya wani abin hawa ya raba kan masoyan Disney

Ranar 22 ga Janairun 2023, dubban mutane suka yi dogon layi a filin shaƙatawa na Magic Kingdom da ke kusa da birnin Orlando, a jihar Florida ta Amurka. Wasu sun shafe fiye da sa'o'i uku a tsaye, domin kawai su shiga kwale-kwale su yi zagayen da bai wuce minti goma da 'yan kai ba. Ranar ce ta ƙarshe ga Splash Mountain, ɗaya daga cikin abubuwan hawa mafi farin jini da kamfanin Disney ya taɓa ginawa. Kafin mako ya zagayo, har an fara tallata kwalaben ruwa a shafin eBay, masu su na cewa daga magudanar wurin suka ɗebo.

Watanni goma sha bakwai bayan haka, ranar 28 ga Yunin 2024, aka sake buɗe wurin da sabon suna, Tiana's Bayou Adventure. Tudun yana nan, magudanar ruwan tana nan, gangaren nan mai tsawon kimanin mita 15 da ke jiƙa mutane sharkaf shi ma yana nan. Labarin da ake bayarwa a ciki ne kaɗai ya canja. Amma wannan canjin ya isa ya raba kan masoyan kamfanin gida-gida, kuma har yau gardamar ba ta kwanta ba.

Fim ɗin da kamfanin ya kulle a ɗaki

Tushen rigimar wani tsohon fim ne mai suna Song of the South, wanda Walt Disney ya fitar a watan Nuwamban 1946. An gina shi a kan tatsuniyoyin da wani ɗan jarida Bature, Joel Chandler Harris, ya ji daga bakin bayi baƙar fata a wata gona ta jihar Georgia lokacin yana matashi, ya kuma fara wallafa su a littafi a farkon shekarun 1880. A cikin fim ɗin, wani dattijo baƙar fata mai suna Uncle Remus ne ke ba wani yaro Bature labarin Zomo mai wayo da abokan gabarsa biyu, Yanyawa da Beyar.

Tun a shekarar da ya fito fim ɗin ya sha suka. Ƙungiyar NAACP mai fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, ta bakin jagoranta na lokacin, Walter White, ta ce ya ƙawata zaman ubangida da bawa, ya nuna shi tamkar zaman jin daɗi. Kamfanin na cewa labarin ya faru ne bayan yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, wato bayan an 'yanta bayi, sai dai fim ɗin bai fayyace hakan ba. Abin da mai kallo ke gani shi ne baƙaƙen fata na aikin gona suna waƙa cikin nishaɗi, Turawa kuma na zaune a babban gida.

Wani abin takaici shi ne James Baskett, wanda ya fito a matsayin Uncle Remus, bai halarci bikin haska fim ɗin na farko a birnin Atlanta ba, saboda dokokin wariyar launin fata na lokacin. A 1948 aka ba shi lambar Oscar ta girmamawa, ya zama namiji baƙar fata na farko da ya samu Oscar. Ya rasu a cikin wannan shekarar.

Rabon da a nuna fim ɗin a gidajen sinima na Amurka tun 1986. Kamfanin bai taɓa fitar da shi cikakke a kaset ko faifai a ƙasar ba, bai kuma saka shi a manhajar Disney+ ba. A watan Maris na 2020, shugaban kamfanin, Bob Iger, ya shaida wa masu hannun jari cewa fim ɗin bai dace da wannan zamani ba.

Yadda aka gina tudun

Duk da wannan tarihi, a kan fim ɗin aka gina Splash Mountain. Wani mai tsara wuraren wasa na kamfanin, Tony Baxter, shi ya kawo shawarar a 1983. Yana neman abin da zai jawo jama'a zuwa wani lungu na Disneyland da ke California wanda ba a cika zuwa ba, yana kuma neman inda za a yi amfani da tarin mutum-mutumin dabbobi masu motsi na wani wasan da ya fara tsufa, America Sings. Aka buɗe na California a watan Yulin 1989, na Florida da na Tokyo kuma suka biyo baya a 1992.

Masu ginin sun san inda ƙaya take, suka yi ƙoƙarin kauce mata. Ba su saka Uncle Remus ba, ba su saka gona ko bayi ba. Dabbobi kawai suka ɗauko da waƙoƙin fim ɗin, ciki har da Zip-a-Dee-Doo-Dah wadda ta ci Oscar. Hatta 'yar tsanar kwalta da Yanyawa ya ɗana wa Zomo a fim, sun maye gurbinta da saƙar zuma, domin sunan wannan 'yar tsana ya riga ya zama zagi ga baƙaƙen fata a Amurka.

Mai hawa yakan bi Zomo daga barinsa gida har zuwa kamun da aka yi masa. Daga nan sai kiɗa ya canja, wuri ya yi duhu, ungulaye biyu su leƙo daga sama suna yi wa mutane ba'a, kwale-kwale ya riƙa hawa a hankali. Sai kuma faɗawa cikin sarƙaƙiyar ƙaya, inda Zomo ya yaudari maƙiyansa suka jefa shi, alhali nan ne gidansa.

Sanarwar da ta tayar da ƙura

Ranar 25 ga Yunin 2020, wata guda cif bayan kisan George Floyd a hannun 'yan sandan Minneapolis, kamfanin Disney ya sanar cewa zai sauya Splash Mountain a California da Florida, ya koma kan labarin fim ɗin The Princess and the Frog na 2009. Tauraruwar wannan fim, Tiana, ita ce gimbiya baƙar fata ta farko a finafinan zane na kamfanin. Kafin sanarwar, wata takardar koke a shafin Change.org mai neman a yi wannan sauyi ta samu sa hannun mutum fiye da 20,000. Kamfanin ya ce tun shekarar da ta gabata yake aiki a kan shirin. Masu adawa ba su yarda ba, suka buɗe tasu takardar koken ta neman a bar tudun yadda yake, dubban mutane suka sa hannu.

Masu kare tsohon wurin suna da hujjoji uku. Na farko, mafi yawan waɗanda suka hau shi ba su taɓa ganin fim ɗin ba, don haka abin da suka sani shi ne zomo da waƙa da ruwa. Na biyu, wuri ne da iyaye suka hau suna yara, suka dawo suka hau da 'ya'yansu, kuma irin wannan shaƙuwa ba a sayenta da kuɗi. Na uku, ɓoye tarihi ba ya goge shi. A nan suna kafa hujja da 'yar fim Whoopi Goldberg, wadda a 2017 ta nuna sha'awar a fito da Song of the South fili domin a tattauna asalinsa da dalilin yin sa.

Masu goyon bayan sauyi kuwa suna tambaya: idan fim ya yi munin da mai shi ya kulle shi a ɗaki shekaru da dama, da wane dalili za a ci gaba da karɓar kuɗin jama'a da waƙoƙinsa da dabbobinsa? Suna ƙara da cewa iyalan baƙaƙen fata na biyan kuɗin tikiti daidai da kowa, wanda a Florida ya haura dala 100 a yini, amma kafin Tiana babu wani babban abin hawa da 'ya'yansu za su ga mai kama da su a matsayin tauraruwa.

Akwai kuma wani ɓangare da muryarsa ba ta cika fitowa ba. Su masu nazarin adabin baka ne, waɗanda ke tunatarwa cewa Zomo ba na Disney ba ne, ba kuma na Harris ba. Bayi ne suka tsallaka teku da irin waɗannan tatsuniyoyi daga Afirka, inda ƙaramar dabba ke kayar da babba da wayo. Duk wanda ya ji tatsuniyar Gizo da 'yar danƙo, wadda ya mara hannu ya maƙale, ya shura ƙafa ta maƙale, zai gane 'yar tsanar kwaltar nan take. A ganin waɗannan masana, laifin fim ɗin yana cikin yadda aka nuna mai ba da labarin da gonar da yake zaune, amma sai hukuncin ya haɗa har da tatsuniyar da kakannin baƙaƙen fata suka bari.

Abin da aka samu a sabon wurin

Kamfanin ya ɗora aikin a hannun tawagar da mata baƙaƙen fata biyu, Charita Carter da Carmen Smith, ke cikin jagororinta. Labarin ya ɗora daga inda fim ɗin ya tsaya. Shekarar 1927 ce, Tiana ta kafa kamfanin abinci na gama-kai wanda ma'aikatansa ne masu shi, a kan wani tudun gishiri a jihar Louisiana. Tana shirya walimar bikin Mardi Gras, sai ta rasa makaɗa, don haka ita da Louis, kadan nan mai busa ƙaho, suka shiga fadama neman dabbobin da suka iya kiɗa. Anika Noni Rose ta sake ara wa Tiana murya, mawaƙan New Orleans PJ Morton da Terence Blanchard suka yi aikin kiɗa. An kuma karrama marigayiya Leah Chase, shahararriyar mai dafa abinci ta gidan Dooky Chase, wadda rayuwarta na cikin abubuwan da aka duba wajen ƙirƙirar Tiana. Na California ya buɗe ranar 15 ga Nuwamban 2024.

Da aka buɗe, sai wani sabon rukuni ya ɓullo: waɗanda suka goyi bayan sauyin tun farko amma sakamakon bai gamsar da su ba. Babban ƙorafinsu shi ne babu mugu a labarin. Dr. Facilier, bokan da ya fi kowa tsoratarwa a fim ɗin, bai fito ba. A da, faɗawa daga saman tudu ita ce ƙololuwar labari, domin ran Zomo na cikin haɗari. Yanzu kuwa tsohuwar nan Mama Odie ce ke mayar da mutane ƙanana kamar kwaɗi, sannan ta turo su gangare domin kada su makara zuwa walima. Masu suka na cewa an bar tsani da gangare, an cire fargabar da ke ba su ma'ana. Suna kuma nuna wuraren da a da ke cike da dabbobi, yanzu sai ciyayi da allunan bidiyo. Yawan lalacewar na'urori a makonnin farko a Florida ya ƙara wa wutar mai.

Masu yabo suna da tasu amsar. Mutum-mutumin Tiana da Louis na cikin mafi laushin motsi da kamfanin ya ƙera, kiɗan kuma na asalin Louisiana ne. Sun ce ba dole ne kowane labari ya kasance da abokin gaba ba, kuma ƙananan yaran da ungulayen da ke tsoratarwa a da, yanzu suna fitowa da dariya. Ga iyaye da dama, ganin 'yarsu na ɗaga wa Tiana hannu ya wadatar.

Abin da ke ƙarƙashin gardamar

Wanda ya bi muhawarar a tsanake zai lura cewa tambayoyi biyu ne aka cakuɗa. Ɗaya ita ce ko ya dace a cire tsohon labarin. Ɗayar kuma ita ce ko sabon ya kai tsohon kyau. Mutum na iya amsa ta farko da e, ta biyu da a'a, ba tare da ya saɓa wa kansa ba. Sai dai a shafukan sada zumunta wannan bambanci yakan ɓace. Mai sukar tsarin labarin sai a zarge shi da ƙin baƙar fata, mai yabon Tiana kuma a ce siyasa ce ta rufe masa ido. Wannan ya sa masu matsakaicin ra'ayi da yawa suka zaɓi yin shiru.

Shi kansa kamfanin ya shiga tsaka mai wuya. Yanke shawarar cire abin da jama'a suka saba da shi ya ɗauke shi rana guda ta sanarwa, amma gina wanda zai maye gurbinsa ya ci shekaru huɗu, kuma da ma'aunin tsohon ake auna sabon. Splash Mountain ya samu fiye da shekaru talatin yana shiga zukatan mutane. Yaran da ke hawan kwale-kwalen Tiana a yau ba su san Zomo ba, kuma su ne za su yanke hukunci na ƙarshe idan sun girma.

Ga masu kewar tsohon tudun, saura wuri ɗaya. Filin Tokyo Disneyland, wanda kamfanin Oriental Land na Japan ke gudanarwa bisa lasisin Disney, bai shiga cikin sanarwar 2020 ba. A can aka bar Zomo da ungulayensa da sarƙaƙiyarsa yadda aka gina su a 1992.