Tsufa da lafiya: jarin da ake tarawa tun daga tukunya

 Yau maganarmu da ƴan kasuwa ce, maza da mata, daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai.

Mu da muke aikin rediyo, sanarwa iri-iri ke bi ta hannunmu. Akwai wadda ta fi damun mu: wane ya faɗi cikin rumfa, an kai shi likita, ɓarin jiki ya shanye. Mutum ne mai shekara 50 ko 55, jiya-jiya yana ciniki. Daga nan sai a rufe rumfa, jarin da aka yi shekaru ana tarawa ya tafi ga takardun magani, yara su bar lakwal su koma talla. Sai a ce jifa ne, ko iska. Sau da yawa kuwa hawan jini ne, wanda muke kira tansiyo.

Ciwon da ba ya sallama

Wannan ciwo ba ya zuwa da zazzaɓi. Mutum na iya yin shekaru da shi yana cin tuwonsa, alhali yana ɓata zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A shekara ta 2021, Ƙungiyar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta manya sama da biliyan 1 da miliyan 200 ke ɗauke da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Ciwon sukari ma haka yake shiga a ɓoye.

Mu dubi yinin ɗan kasuwa. Da safe burodi da shayi mai madara da sukari. Da rana shinkafa ko makaroni da mai da magi. Zafi ya taso, a aika yaro ya sayo lemun kwalba. Da yamma a fada, shayi kofi uku, kowane da sukarinsa. Duk wannan a zaune, daga hantsi har magariba, kuma ko nan da bakin titi ne sai kabu-kabu. Ita ma uwar gida mai tuyar ƙosai ko mai sayar da atamfa, zaman nan ne take yi.

Gishiri da sukari

OMS ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi guda. Lissafin ya haɗa da na miya da na burodi da na kilishi da na yaji. Dunƙulen magi kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Idan an jefa uku ko huɗu cikin tukunya, aka ƙara gishiri, aka sa kanwa, to an tara su ke nan, don ita ma kanwa ƴar gidansu gishiri ce. Na Balma da na shago duk ɗaya suke ga tansiyo. Gishiri na riƙe ruwa cikin jiki, jini ya ƙara matsa wa jijiyoyi.

Sukari kuma, shawarar ita ce kada a wuce wajen giram 50 a yini, in da hali ma 25. Gwangwanin lemu guda mai santilita 33 na ɗauke da kusan giram 35, kamar dunƙulen sukari 7 ke nan. Wa zai jefa 7 cikin kofi ɗaya yana kallo?

Maganin na gaban rumfa

Abin farin ciki, abincin da likitoci ke yabo ba daga Faransa ake kawo shi ba. Ku ne ke sayar da shi. Hatsi da dawa, idan ba a surfe su har sun yi fari fat ba, dusarsu na rage saurin hawan sukari cikin jini kuma tana gyara ciki. Wake na gina jiki, kuma ya fi nama araha. Zogala da ake nomawa a Jiratawa, da rama da yakuwa da tafasa da kuka da kuɓewa, duk ganye ne masu amfani. OMS na son mutum ya ci ganye da ƴaƴan itace giram 400 a yini. Kwaɗon zogala da ƙuli-ƙuli da tumatir, da mangwaro ko gwaba a lokacinsu, sun biya babban rabo.

Iyayenmu mata za su ce: miya ba magi ai ba ta ciwuwa. Kakanninmu da me suka yi tasu? Da daudawar kalwa ko ta batso, da albasa, da tafarnuwa, da citta. Ga albasar Galmi, ga tattasan Difa. A rage dunƙulen da kaɗan-kaɗan: mai sa huɗu ta koma uku, bayan sati biyu ta koma biyu. Harshe na sabawa, maigida ma ba zai gane ba. Fura da nono kuwa a dama ta ba sukari, ko da ɗan kaɗan. Mai da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi, a rabu da shi.

Sai motsa jiki. Minti 150 a sati ake nema, wato tafiya da sauri ta minti 30 kwana 5. Wanda gidansa ba nisa ya taka zuwa kasuwa da sanyin safiya, kuɗin kabu-kabu su koma asusu. Mai shan taba ya daure ya bari.

Hattara da masu lasifika

Komawa ga abincin gida ba ya nufin a guji likita. Muna jin masu lasifika na yawo cikin kasuwa da garin magani wai yana raba mutum da tansiyo da sukari cikin kwana bakwai. Wanda likita ya ɗora kan ƙwaya, ya ci gaba da sha ko ya ji garau, don ranar da ya bari ciwon na nan yana jira. Zogala abinci ce mai kyau, amma ba ta maye gurbin ƙwayar.

Awon tansiyo ba ya ɗaukar minti biyar a asibitin unguwa. Duk wanda ya kai shekara 40 ya auna aƙalla sau ɗaya a shekara, a duba masa sukari kuma. Idan awo ya kai 14/9 ko ya wuce a ranaku daban-daban, sai a bi abin da likita ya ce.

Ɗan kasuwa na lissafin dala da jika kowane dare kafin ya kwanta. To a riƙa lissafin abin da ya shiga tukunya ma. Rai na hannun Allah, amma rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu tsufa mai amfani, mu je masallaci da ƙafafunmu, mu ga auren jikoki. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.