Hujjar Mai Lissafi, Hujjar Alƙali da Hujjar Likita

A ranar 4 ga Janairun 1954 manyan kamfanonin taba sigari na Amurka suka sayi shafi a jaridu sama da 400, suka buga sanarwa iri ɗaya. Gundarin maganarsu shi ne babu hujjar da ta tabbatar cewa shan taba na daga cikin abubuwan da ke haddasa ciwon dajin huhu. Maganar ta shiga kunnen jama'a, domin an ɗinka ta da wayo. Sun ɗauko ma'aunin hujja na wani fage suka ɗora shi a kan wani fagen da ba zai taɓa iya cika shi ba. Ra'ayina shi ne kowane fage da irin hujjar da yake iya bayarwa, kuma nauyin hujjar da ya kamata a nema kafin a ɗauki mataki yana bin girman ɓarnar da kuskure zai jawo. Duk wanda ya cakuɗa waɗannan ma'aunai, da gangan ko da rashin sani, rayuka yake jefawa cikin haɗari.

Lissafi ne kaɗai fagen da ake samun yaƙinin da ba ya girgiza. Fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, Euclid na Iskandariya ya nuna cewa lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, irin su 2, 3, 5 da 7, ba su da iyaka, kuma har gobe babu binciken da zai rushe wannan. Masu lissafi ba sa karɓar yawan misalai a madadin hujja, kuma suna da dalili. Pierre de Fermat ya lura da jerin 3, 5, 17, 257 da 65,537, ya ga duk ba sa rabuwa, ya zaci sauran jerin ma haka suke. A 1732 Leonhard Euler ya nuna cewa lamba ta gaba, 4,294,967,297, tana rabuwa da 641. Shi ya sa hasashen da Goldbach ya yi a 1742, cewa kowace lambar cika da ta haura 2 jimlar lambobi biyu ce da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, har yau sunansa hasashe, duk da cewa kwamfuta ta gwada shi a kan lambobi bila adadin ba a ga inda ya saɓa ba. Mai lissafi na iya wannan tsananin ne saboda shi ya shimfiɗa ƙa'idojin duniyarsa tun farko, kuma babu wanda ke mutuwa don ya yi shekara ɗari uku yana jira.

Alƙali ba shi da wannan sararin. Bai ga abin da ya faru ba, kuma dole ya yanke hukunci. Saboda haka shari'a ta tanadi ma'auni fiye da ɗaya. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ta wajabta a tabbatar da laifi har ya zama babu sauran kokwanto mai ma'ana, amma a rikicin bashi ko fili rinjayen shaida ya wadatar. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 36, ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da akasin haka. Fiƙihun Musulunci ma ya ɗora wa mai da'awa nauyin kawo shaida, ya ba wanda ya musa rantsuwa, sannan ya nemi shaidu huɗu a tuhumar zina alhali biyu sun isa a mafi yawan haƙƙoƙi. Hikimar a fili take: gwargwadon tsananin hukunci, gwargwadon nauyin shaidar da ake nema.

Likita kuwa da tarin alamu yake aiki, waɗanda ke zuwa ta hanyoyi daban-daban su haɗu a wuri ɗaya. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka kwatanta masu ciwon dajin huhu a asibitocin Landan da sauran marasa lafiya, suka ga da wuya a sami wanda ba ya shan taba a cikin masu ciwon. A shekarar ce Wynder da Graham suka sami irin wannan sakamako a Amurka. Daga 1951 Doll da Hill suka fara bibiyar likitocin Birtaniya kimanin dubu 40, bibiyar da ta ɗauki shekara hamsin. Sakamakon ya nuna wanda ya fi sha ya fi shiga haɗari, wanda ya daina haɗarinsa na raguwa, kuma wanda ya zarce da sha yana rasa kimanin shekara goma na rayuwarsa. An shafa wa ɓeraye kwaltar hayaƙin taba a fata, ƙari ya fito musu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa shi kaɗai, amma haɗuwarsu ta sa Babban Likitan Amurka ya bayyana a 1964 cewa taba na haddasa ciwon dajin huhu.

Akwai sukar da ta cancanci a saurare ta, kuma babban masanin ƙididdiga Ronald Fisher ne ya kawo ta. Ya ce ganin abu biyu tare ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan, wataƙila wani abu ne na gado yake sa mutum son taba kuma yake sa shi kamuwa da ciwon. Tambayar tana kan hanya, amma an amsa ta. Gadon al'umma ba ya sauyawa cikin shekara arba'in, alhali ciwon ya yi ta ninkuwa bayan yaɗuwar sigari. Gado ba ya bayyana dalilin da ya sa wanda ya daina yake samun sauƙi. Gwajin da zai rufe bakin kowa shi ne a tara yara dubbai a tilasta wa rabinsu shan taba har tsufa, kuma babu mai imanin da zai yi wannan. Kamfanonin taba sun san haka, sai suka yi ta neman hujjar da suka tabbata ba za a kawo ba. Wata takardar cikin gida ta kamfanin Brown & Williamson ta 1969 ta fito fili ta ce kokwanto shi ne hajarsu. Sai a 1996 aka nuna yadda wani sinadarin hayaƙin ke lalata ƙwayar gadon da ke tsare jiki daga ciwon daji. Da an jira wannan ranar, da an ƙara asarar shekara talatin.

Wani zai ce ai masana kan yi kuskure, kuma gaskiya ne. An daɗe ana cewa damuwa da yawan tsamin ciki ne ke kawo gyambon ciki, har Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka nuna ƙwayar cuta ce ke jawo mafi yawansa, Marshall ma ya sha ƙwayar da kansa a 1984, suka karɓi kyautar Nobel a 2005. Sai dai abin da ya kawar da tsohuwar fahimtar sabuwar shaida ce da ta fi ta nauyi. Cewa kawai ana iya kuskure bai taɓa warkar da kowa ba.

Sukar da ta fi damuna ita ce ta masu tsoron cewa idan an yarda a ɗauki mataki ba tare da yaƙini ba, an buɗe wa jita-jita ƙofa. Amsar tana cikin tambayar abin da za a rasa idan an yi kuskure. A 1854, lokacin da kwalara ta ɓarke a wata unguwar Landan, John Snow ya shawo kan hukuma ta cire hannun famfon titin Broad, wanda yake zargin ruwansa ne ke yaɗa cutar, kusan shekara talatin kafin Robert Koch ya tabbatar da ƙwayar cutar. Da Snow ya yi kuskure, iyaka mutane su ɗebo ruwa a wani titi, a mayar da hannun famfon. A watan Maris na 2025 kuwa, a garin Uromi na Jihar Edo, gungun mutane suka kashe mafarauta 16 da ke kan hanyar komawa Kano, bayan sun ɗauki bindigogin farautar da aka gani a motarsu a matsayin hujjar cewa masu satar mutane ne. Babu shaida, babu alƙali, babu damar kare kai, kuma babu gyara. Matakin da ake iya warwarewa yana iya tafiya da rinjayen alamu, amma wanda ya shafi ran mutum ko mutuncinsa sai da shaida mafi nauyi a gaban kotu.

Abin takaicin shi ne sau da yawa muna juya ma'aunin. Mukan gaskata hoton da aka turo a WhatsApp a kan maƙwabci cikin minti ɗaya, sannan mu nemi yaƙinin lissafi kafin mu yarda cewa abin da muke sha yana cutar da mu. Ina roƙon mai karatu, duk wanda ya ce maka babu hujja, ka tambaye shi wace shaida ce za ta gamsar da shi, ko ana iya samunta, kuma wa ke cin ribar jiran. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum sama da miliyan 7 a kowace shekara.