ORBIT: Ɗakin Gwajin Sadarwar Iska na Jami'ar Rutgers

Mai binciken sadarwar iska, wato wadda ba ta bi ta cikin waya, yana da matsalar da ta daɗe tana ci masa tuwo a ƙwarya. In ya gwada dabararsa a cikin kwamfuta, sakamako yakan fito tsaf, amma kwamfuta ba ta san yadda bango ke shanye sigina ba sai abin da aka faɗa mata. In kuma ya fita fili da na'urorinsa, abin da ya gani yau ba lalle ya sake ganinsa gobe ba: mota ta gifta, maƙwabci ya kunna Wi-Fi, lissafi ya rushe. Gwajin da wani ba zai iya maimaitawa ba kuwa, masana ba su cika yarda da shi ba.

Don haka ne cibiyar WINLAB ta Jami'ar Rutgers, a jihar New Jersey ta Amurka, ta gina ORBIT. Hukumar NSF mai ɗaukar nauyin binciken kimiyya ta ba da kuɗin a 2003, aka buɗe wa masu bincike a 2005. Ƙananan kwamfutoci 400 ne masu rediyo aka rataye a rufin wani makeken ɗaki, layi 20, kowane layi guda 20, tsakaninsu kusan mita ɗaya.

To, rediyon da ke kusa da juna haka ai duk suna jin juna, ta ina za a samo nisan da ke cikin gari? Nan dabarar take. Sai a saki hayaniyar rediyo cikin ɗakin da gangan, gwargwadon yadda ake so. Na'urorin da ke dab da juna sai su riƙa ji da ƙyar, tamkar an raba su da nisa. Gobe a maido da hayaniyar daidai yadda take, a sake gwajin.

Mai bincike ba sai ya je New Jersey ba. Ta intanet zai kama lokaci, ya ɗora manhajarsa a kan na'urorin, ya kwashe sakamako, na bayansa ya shigo. A ganina wannan tsarin karɓa-karɓa ya fi rediyon kansu wuyar ginawa, don na'ura 400 ba sa rasa mai gardama a cikinsu.

Ɗaki dai ɗaki ne, ba gari ba. A 2018 NSF ta amince da filayen gwaji a cikin birane: COSMOS a unguwar Harlem ta New York, da POWDER a Salt Lake City. Daga baya aka ƙara AERPAW a North Carolina, inda ake gwaji da jirage marasa matuƙa.