Tarkon mafarki: abin da yake nufi a wajen mutanen Anishinabe

Ana yawan ganinsa a hotunan Facebook, ko rataye a madubin mota: wani zobe da aka saƙa zare a cikinsa kamar yanar gizo-gizo, gashin tsuntsu na lilo a ƙasansa. Faransawa na ce masa attrape-rêves. Mutane da dama na ɗaukarsa a matsayin kayan ƙawa, alhali a wajen masu shi abu ne na kare jarirai.

Asalinsa daga al'ummar Anishinabe ne, ƴan asalin yankin manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, musamman ƙabilar Ojibwe. A harshensu suna kiransa asabikeshiinh, wato gizo-gizo, ko bawaajige nagwaagan, wato tarkon mafarki.

Na gargajiya ƙarami ne, bai fi tafin hannu ba. Akan lanƙwasa ɗanyen reshen wani itace na bakin ruwa a yi zobe, sannan a saƙa jijiyar dabba ko zaren ciyawa a ciki. Uwa ko kaka ce ke yin aikin, ta rataye shi a kan allon goyo, daidai saman fuskar jariri. Wata Ba'amurkiya mai binciken al'adu, Frances Densmore, ta bayyana shi a littafinta na 1929 kan al'adun Ojibwe. Mutanen sun shaida mata cewa saƙar na kama duk wata cuta da ke yawo a iska, kamar yadda yanar gizo-gizo ke riƙe abin da ya faɗa mata.

Labarinsu ya ce akwai Asibikaashi, mace gizo-gizo mai kula da yara. Da jama'a suka bazu cikin ƙasa, ta kasa kai wa ga kowane jariri, sai iyaye mata suka ɗauki saƙar a madadinta. Mugun mafarki na maƙalewa a zaren har hasken safiya ya kawar da shi, mafarkin kirki kuma ya bi ta ramin tsakiya ya isa ga mai barci. Zoben na nuna tafiyar rana, gashin tsuntsun kuma numfashi. Wasu na ɗaure saƙar a wurare 8, adadin ƙafafun gizo-gizo. Ba a yi shi don ya daɗe ba: reshen na bushewa ya karye yayin da yaron ke girma.

A shekarun 1960 da 1970, lokacin gwagwarmayar haɗin kan ƴan asalin Amurka, wasu ƙabilu sun ɗauke shi alamar zumunci. Daga nan ƴan kasuwa suka shigo, masana'antu suka riƙa ƙera shi da roba da ƙarfe, ana sayar da shi da araha. Wannan ya rage cinikin masu sana'ar hannu, kuma dattawa da dama na ganinsa a matsayin raini ga abin da suke girmamawa. A 1990 Amurka ta kafa dokar da ta hana a sayar da kaya da sunan aikin ƴan asalin ƙasar idan ba su suka yi ba. Dokar ba ta hana kowa ƙera shi ba, ƙaryar asali kawai ta haramta, shi ya sa na jabu ke cike da shaguna har yau.